An Casa Mu, Mun Ji. Amma Wa Ya Ce Mun Ƙare?

Ƴan'uwa ɗalibai, akwai wani Ingilishi da ya shigo garuruwanmu wanda ba mushe ne ya rubuta mana shi a allo ba. Wanda ake koya mana tun ajin farko na koleji yana nan, mai tsabta, da nahawunsa da jarabawarsa. Wancan kuwa ta gidan kallon balo ya shigo, ta waya, ta bakin ƴan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Jibiya da Katsina. Ka bi babbar hanya daga Gidan Rumji zuwa Cadawa, ka wuce Agye har Gazawa, duk fadar da ka zauna shan shayi za ka ji shi. Abin da ya ja hankalina shi ne kusan duk kalmomin da muka fi saurin ɗauka na faɗuwa ne. Ba mu ɗauki kalmomin godiya ko na ban haƙuri da irin wannan sauri ba. Yaron da bai iya haɗa jimla guda da Ingilishi ba ya san "L", ya san "cooked", ya san "finished", kuma ya san wanda zai jefa da su.

Ni ba na cikin masu cewa a hana aron kalma. Hausa ta ci Larabci ta ƙoshi, ta ci Faransanci, ta ci Ingilishi, ba ta mutu ba. Wanda ya ce lakwal da wanda ya ce makaranta duk wuri ɗaya suke zuwa. Amma wanda ya sayi akuya a kasuwar Cadawa sai ya duba haƙoranta kafin ya ja ta gida. Haka nake so mu yi wa waɗannan kalmomi. Da na zauna na jera su, sai na ga kashi uku ne, kuma ba hukunci ɗaya ya kamace su ba.

Kashi na farko kalmomin duka ne: "thrashed", "hammered", "battered", "smashed". Su ne masu sharhin wasan Ingila ke amfani da su idan ci ya yi yawa. Ranar da Jamus ta zura wa Barazil 7 da 1 a kofin duniya na 2014, a gidanta, gaban mutanenta, kalmar "ta yi nasara" ta yi kaɗan. Haka ranar da Bayern Munich ta ba Barcelona 8 da 2 a 2020, ko ranar da Liverpool ta ba Manchester United 7 babu ko ɗaya a watan Maris na 2023. Irin wannan rana tana buƙatar kalma mai nauyi.

Ga abin daɗi a nan. Kalmar "thrash" asalinta ɗaya da kalmar Ingilishi ta sussukar hatsi. Wato Baturen Ingila, da ya rasa yadda zai kwatanta mugun kaye, sai ya tuna da manomi yana dukan zangarniya har tsaba ta fita. Mu me muke cewa? An casa su. Hoto ɗaya ne, daga masussuka ɗaya. Ɗan Agye da ya tashi yana jin ƙarar taɓarya tun asuba ya fi ɗan Landan sanin abin da kalmar ke nufi. "Hammered" duka ne da guduma, mu kuma muna da ragargaza. "Battered" ita ce lallasa. ƴan Najeriya sun ƙara mana "wotowoto", mu kuma tuni muna da cin kaca, da shan kashi, da ruwan ƙwallaye. Wannan kashin bai dame ni ba. Kalmomin suna faɗin abin da ya faru a fili cikin minti casa'in, shi ke nan. Iyakar ƙorafina shi ne ba su kawo mana komai sabo ba. Wanda ya bar "an casa su" ya ɗauki "thrashed" ya bar furar gidansu ne ya sayi irinta a tasha da tsada.

Kashi na biyu ya fi amfani, don yana faɗin yadda aka faɗi. Babbar cikinsu ita ce "bottled". A Ingilishin titin Landan, kwalba tana nufin ƙarfin zuciya, wanda ya rasa kwalbarsa kuwa shi ne wanda ya tsorata. Don haka idan aka ce ƙungiya ta yi "bottle", ana nufin abin yana hannunta, tana da ƙarfin riƙe shi, amma da aka zo gaɓar ƙarshe sai zuciya ta karaya. Amurkawa suna cewa "choked", wato abin ya maƙale a wuya. Misalin da kowa ya sani shi ne Arsenal a kakar 2022 zuwa 2023. Ta yi kwana 248 a saman teburi. A watan Afrilu ta ci Liverpool biyu aka farke, ta ci West Ham biyu aka farke, ta yi 3 da 3 da Southampton wadda ke can ƙasan teburi, sannan Manchester City ta ba ta 4 da 1, kofi ya tafi.

Wannan kalmar tana da aiki, don tana raba faɗuwa gida biyu: wadda aka fi ka ƙarfi, da wadda ka kada kanka. Ɗalibin da ya san darasinsa sarai, ya shiga ɗakin jarabawa hannu na rawa, ya manta abin da ya karanta jiya, ciwonsa daban da na wanda bai taɓa ganin darasin ba. Maganinsu ma daban. Na farko yana buƙatar ya saba da zaman jarabawa, na biyu yana buƙatar malami da littafi. Mu a Hausa sai mu ce gwiwarsa ta yi sanyi, ko ya karaya, amma ba mu da kalma guda da ta ɗauke duka ma'anar. To amma ku saurari yadda muke amfani da ita a fada. Duk wanda ya faɗi, "bottle". Ƙaramar ƙungiyar da ba ta taɓa jin ƙanshin kofi ba, "bottle". Ba ka zubar da abin da ba ka taɓa riƙewa ba. Mun ɗauki kalmar da aka ƙera don auna ciwo mun mai da ita dutsen jifa, ma'anarta ta zube a hanya.

Kashi na uku shi ne dalilin wannan rubutu: "L", "loser", "cooked", "finished", "owned". "L" harafi ne kawai da ake sa wa a teburin sakamakon wasannin Amurka gefen wanda aka ci, kamar yadda ake sa "W" gefen wanda ya ci. Daga teburi ya fito ya zama abin da ake miƙa wa mutum: karɓi naka. "Owned" ta fito ne daga masu kutsen kwamfuta da masu wasannin intanet, ma'anarta na mallake ka. A ƙasar da kakanni suka san abin da mallakar mutum ke nufi, ya kamata harshe ya ɗan yi nauyi kafin ya furta ta. "Cooked" kuwa, wato an dafa shi, ba sauran gyara, ita ce TikTok ya cika mana kunne da ita.

Ku lura da bambancin ginin magana. Bahaushe ya ce wane ya sha kaye. Abin da aka sha yana wucewa, kamar yadda ake shan rana, a sha wuya, a sha magani. Ya ce wane ya faɗi jarabawa. Wanda ya faɗi ana sa ran ya tashi, kalmar da kanta tana jiran abokiyarta. Ko "kashinsa ya bushe", wadda ita ce mafi kusa da "cooked", ana faɗinta ne kan wanda ya shiga tsaka mai wuya yau, ba a ce haka zai dawwama ba. Amma "loser" suna ne. Ba ta ce ka faɗi ba, cewa ta yi kai irin masu faɗuwa ne. Ta ɗauki abin da ya same ka rana ɗaya ta yi maka zanen suna da shi.

Da a ce a gidan kallon balo abin ya tsaya, da ban ɓata tawada ba. Ɗan wasan Manchester da aka ce masa "finished" ba ya jin mu, albashinsa na mako guda ya isa ya gina azuzuwa a ƙauye. Amma kalma ba ta zama inda aka ajiye ta. Ku duba abin da ke faruwa idan sakamakon BEPC da Bak ya fito. Kafin yaro ya iso gida, an ɗauki hoton jerin sunaye, an watsa a gurup na WhatsApp, an zagaye inda sunansa ya kamata ya kasance. Sai hotunan dariya su biyo baya, sai harafin nan guda. Wanda aka hana wa yarinya, an ce an ba shi "breakfast". Wanda jarinsa na sayar da esansi a kwalba ya karye, "cooked". Wadda aurenta ya mutu tana da shekara goma sha tara, ita ma ba a bar ta ba.

To wa ke faɗuwa jarabawar nan? Mu faɗa wa juna gaskiya, mun san su, wasunmu ma su ne. Yaron da ajinsa rumfar kara ce, wadda sai an gama girbi ake samun karan yin ta, ruwan farko kuma ya tashe ta. Yarinyar da sai ta gama daka da ɗiban ruwa take buɗe kaye, idan fitilar waya na da caji. Wanda aka turo koleji daga ƙauye ya zauna gidan da ba nasu ba, yana cin abin da ya samu. Wanda malaminsa na lissafi ɗan kwantaragi ne da ke jiran albashi, ko wanda yajin aiki ya cinye masa wata biyu. Wanda shuka ta kira shi gona ana saura kwanaki a shiga jarabawa. A wasu ƙauyukan Gidan Rumji na kusa da iyaka, ƴan bindiga ma sun shiga lissafin. Kuma dukansu da harshen da ba a yi da shi a gidajensu ake tambayarsu. Kalmar "loser" an haife ta ne a wurin da aka yarda cewa rayuwa tsere ce, kowa daga layi ɗaya ya tashi, wanda ya zo baya laifinsa ne. Ko a can Amurka maganar ba ta cika gaskiya ba, balle a nan. Idan muka liƙa wa ɗan'uwanmu ita, mun wanke rumfar kara, mun wanke yajin aiki, mun wanke yunwa, mun ɗora masa kayan shi kaɗai. Kuma mun san inda wasunsu ke bi bayan haka. Wanda ya kasa haɗa ido da abokansa ba ya komawa maimaita aji. Sai ka ji an ce ya tafi bida, ya yi Kano, ko ya bi ta Agadas.

Na san abin da wasu za su ce, don an sha faɗa mini: "Kai dai ka cika tsanani, ai wasa muka yi, kuma tun kafin Ingilishi muna yi wa juna tsiya." Gaskiya ne, kuma ba zan yi wa Hausa kwalliyar da ba tata ba. Muna da zambo, muna da habaici, muna da baƙar magana mai sa mutum ya kasa cin tuwo. Rago, kasasshe, sakarai, duk namu ne. Faransancin lakwal ma bai bar mu ba. Wa bai taɓa jin an ce masa "nul" ba? Wa bai san sanyin da ke kama ciki idan aka ce "exclu" ba? Iyayenmu suna ba da labarin "symbole" da ake rataya wa yaro don ya yi Hausa a cikin makaranta. Raunin ya girmi Facebook.

Amma tsiyar gidanmu tana da shinge. Ku dubi wasan taubasai, wanda UNESCO ta sa cikin gadon ɗan Adam da sunan Nijar a 2014. Bagobiri ya ga Bazabarme ya zazzage masa, Babarbare ya ga Bafillace ya kira shi bawansa. Sharaɗin shi ne ido da ido ake yi, wanda aka yi wa yana da haƙƙin ramawa nan take, kuma ranar da taubashinka ya shiga uku kai ne na farko a ƙofar gidansa. Ba a yi wa taubashi wasa da mutuwar da aka yi masa jiya. Abin da ke cikin waya ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mutum hamsin ne kan mutum ɗaya, wasu bai ma san su ba, kuma abin ba ya gogewa. Maganar fada iska ke ɗauke ta kafin shayi na uku. Hoton da aka tura gurup yana nan har baɗi.

Idan muna neman makarantar koyon yadda ake magana kan faɗuwa, tana nan kusa, filin kokowa. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, wadda Kantu na Maraɗi ya fara ɗauka, har filin kokowar Maraɗi ke ɗauke da sunansa, kowace shekara ƴan kokowa da dama ke shiga, mutum ɗaya ke fita da takobi. Sauran duk sun sha ƙasa, a gaban dubban mutane, a talabijin, ana kiɗa. Babu kaye mai tsirara kamar wannan. Amma ku kalli abin da ke biyo baya. Sau da yawa wanda ya yi kayen shi ke miƙa hannu ya tada abokin karawarsa, su rungumi juna. Makaɗi ba ya fasa yi wa wanda aka kada kirari, baɗi kuma ga shi ya dawo da layunsa. Issaka Issaka na Doso ya ɗauki takobi har sau shida, amma shi ma bayansa ya san ɗanɗanon rairayi. Mai kallon kokowa na gaske zai ce maka yau ba ranar wane ba ce. A cikin wannan ƴar jimla akwai gobe.

Mu ƙara matsawa baya kaɗan, mu tambayi kanmu su wa suka gina garuruwan da muke taƙama da su. A 1808 mayaƙan jihadi suka ci Alƙalawa, Sarkin Gobir Yunfa ya mutu, Gobirawa suka watse. A 1836 aka sake cin su a Gawakuke. Bayan wannan kayen ne Sarki Mayaƙi ya kafa Tsibiri, wadda ke cikin yankin Gidan Rumji a yau, sarautar Gobir kuma tana nan a cikinta har gobe. Katsinawan da aka kora daga birnin Katsina su ne suka taru ƙarƙashin Ɗan Kasawa suka mai da Maraɗi mazauninsu, daga baya a zamanin Ɗan Baskore suka hana maƙwabtansu barci. Ba ina tada tsohon faɗa ba ne, yau duk ƴan'uwa ne, auratayya da kasuwa sun haɗa mu. Abin da nake nunawa shi ne wannan jiha tamu waɗanda aka casa ne suka kafa ta. Da akwai waya a wancan zamani, da an tura musu "L", an ce sun zama "finished". Ga Maraɗi nan ta zama cibiyar kasuwancin ƙasa.

Ko a balon da muka ɗauko kalmomin daga gare shi, darasin yana nan. A watan Oktoba na 2010 Mena ta ci Masar ɗaya da nema a Yamai, Musa Ma'azu ya zura, alhali Masar ce ke riƙe da kofin Afirka sau uku a jere. Shekara guda bayan haka, a wasan ƙarshe na neman gurbi, Masar ta rama da 3 babu ko ɗaya. A ranar, ƴan wasan Afirka ta Kudu sun yi canjaras da Saliyo, suka hau rawa a fili suna murnar sun wuce. Ba su karanta ƙa'idar gasar da kyau ba. Da aka yi lissafin karawar da ƙasashen uku masu maki tara suka yi tsakaninsu, Nijar ce ta wuce, karon farko a tarihinta. Ranar da aka lallasa mu ita ce ranar da muka samu tikitin kofin Afirka na 2012. Wa ya kamata a tura wa harafin a wannan dare?

Tun watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ma'ana Ingilishi zai ƙara shigowa, ba raguwa zai yi ba, mu da ke kan iyaka da Najeriya kuma mu ne ƙofarsa. Don haka mu koye shi da gaske, har mu san wace kalma ce ta ofis, wace ce ta titi. Wanda ya rubuta "cooked" a takardar jarabawar anglais zai ga jan biro. Wanda ya ce wa ƙanen babansa "finished" don gonarsa ba ta yi ba, ya san abin da zai biyo baya. Sanin harshe ya haɗa da sanin inda ake rufe baki.

Mu kuma masu riƙe da alƙalami a wannan ƙungiya, nauyinmu ya fi na kowa. Ban ce mu cire waɗannan kalmomi daga labaranmu ba. Idan kana rubuta fadar samari a Gazawa ka sa su suna magana kamar littafin karatu na aji uku, ƙarya ka rubuta. Sa su a bakin mai faɗinsu. Amma kada labarin ya tsaya a kan dariyar. Bi yaron da aka tura wa harafin har gida, ka nuna mana shi yana kashe waya, ka nuna mana uwarsa da ta sayar da tunkiya don kuɗin takardunsa. Idan kai ne mai ba da labari da bakinka, Hausa ta ba ka casa da lallasa da shan kaye da karaya, kowace da nauyinta, zaɓi wadda ta yi daidai da abin da ya faru. Kalmar duka, a bar ta a filin wasa. Kalmar da ke faɗin yadda aka faɗi, a yi aiki da ita a inda ta dace. Wadda ke raɗa wa mutum suna kuwa, ni dai na ajiye ta.

Manoman Ɗan Saga, nan cikin yankin Agye, sun yi suna har ƙasashen waje kan abu guda: kututturen da kowa ya ɗauka ya mutu, sai suka daina tuge shi, suka zaɓi tohon da ya fi ƙarfi suka bar shi ya tashi, har gonaki suka koma da itatuwa. Tun kafin masana su zo da motoci su gani, kakanninmu sun ce sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho. Sakamako na nan tafe, kuma a cikinmu akwai wanda ba zai ga sunansa ba. Ranar, kafin ka taɓa waya, ka tashi ka je gidansu.